Mai Kushin Yana Nan da Ransa

Gidan talabijin ya kashe Mai Kushin ranar wata Lahadi da yamma, yana zaune a falonsa da kofin shayi a hannu. Cikin wani shiri na tunawa da tsohon wasan 'yan sandan ciki, wanda kowa ke kira wasan Sufeto, suka jero hotunan 'yan wasan da suka rasu, suka sa nasa a tsakiya, wata murya mai sanyi ta bi shi da Allah ya jiƙansa. Ba su tambayi kowa nasa ba. Ba wanda ya ɗaga ƙafa ya je shagonsa, alhali shagon a bakin titi yake, ƙofa a wangale, kujerun mutane a waje sun yi rigingine, ƙarar gudumarsa kuwa ko kurma ne ya biyo layin sai ya ji ta a ƙirjinsa.

Matarsa tana ninke wanki a kan doguwar kujera. Ta tsaya da zanen gado a hannu.

"Baban yara, kai ne fa."

"Ni ne."

"Cewa suka yi ka mutu."

"Na ji da kunnena." Ya ajiye kofin a hankali. "Ko hoton kirki ba su samu ba."

Gaskiyarsa. A hoton yana kwance ne a kan siminti, baki a ɗan buɗe, hula ta faɗi gefe. Sauran mamatan kowa da murmushinsa da rigarsa mai guga. Shi kaɗai aka nuno a gawa, domin duk shekarun da ya yi yana yi musu aiki ba wanda ya taɓa tunanin ya ɗauke shi hoto a tsaye.

Kafin shirin ya ƙare wayarsa ta ɗau ruri, ta matarsa ma haka. Wanda ya kira don ya yi wa iyali gaisuwa sai ya ji muryar mamacin tana yi masa sallama, ya saki salati ya kashe. Mai walda, maƙwabcinsa na shago, ya taho gida da gudu ido jajir. Mai Kushin ya buɗe masa ƙofa, mutumin ya ja da baya har ya zurma ƙafa a kwata. Wannan duk abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne Yayarsa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu tana wani gari wajen ɗanta, ga tsufa ga hawan jini. An ce mata za a karrama su ƙaninta, ta ja kujera gaban akwatin ta zauna. Sai ga shi a kwance ana yi masa addu'a. Ta miƙe za ta kira ɗanta, ta yanke jiki ta faɗi. A gadon asibiti ta farfaɗo, ana yi mata ƙarin ruwa.

Wanda shekarunsa ba su kai ya san wasan Sufeto ba, bari a yi masa bayani. A wancan lokacin layi guda akwatin talabijin ɗaya ne, baƙi da fari. Mai gidan ya fito da shi ya ɗora a kan tebur, maƙwabta su cika wurin har bakin ƙofa, na baya suna hawa benci. Duk mako za a kashe mutum, Sufeto ya zo da Sajensa, ya yi ta jefa tambaya yana murza gashin baki, kafin lokacin labarai ya damƙe mai laifi. Sufeto aka sani, Sufeto ake tafa wa. To amma a tambayi duk wanda ya yi kallon nan, wa ake kashewa? Mai Kushin. In ba gawa ba bincike, in ba bincike sai Sufeto ya koma gida ya murza wa matarsa gashin bakin.

Shigarsa wasan ma ba nema ya yi ba. Yana saurayi aka kira shi gidan talabijin ya sake wa kujerun ɗakin labarai yadi. Yana kwance ƙarƙashin wata kujera, ƙananan ƙusoshi cike da bakinsa kamar yadda masu sana'arsa ke yi, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, sai ya ji darakta yana zazzaga masifa a ɗakin ɗaukar wasa. Mutumin da aka sa ya fito a gawa ya hana aiki. Da Sufeto ya sunkuyo kansa sai dariya ta ƙwace masa, tumbi yana hawa yana sauka. Darakta ya fito yana huci, ya yi tuntuɓe da ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin kujera, ƙafafun ko motsi ba su yi ba. Mai ƙusa a baki ai ba ya zabura, in ya zabura ya haɗiye.

"Kai, mai kushin! Za ka iya mutuwa?"

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Ranka ya daɗe, ai kowa ma zai iya."

"Yau nake nufi. Yanzu-yanzu."

"In dai za a bar ni in ƙarasa kujerar daga baya."

Da haka aka fara, kuma sunan da darakta ya kira shi da shi ranar shi ya bi shi har tsufa.

Mutane sun ɗauka kwanciya ce kawai. Su gwada su gani. Mai rai in ya ce zai yi gawa, runtse ido yake yi da ƙarfi, fatar idon tana rawa, kowa ya gane barcin ƙarya ne. Mai Kushin sakin idon yake yi rabi a buɗe, ya kafe shi a kan ƙafar tebur ko wani tabo a bango, ya bar shi nan har ya fara yaji bai ƙifta ba. Numfashi kuwa da haƙarƙarin da ke ƙasa yake jan sa, wanda kyamara ke gani ya tsaya cak. Faɗuwa ma da iliminta. Ba ya duban inda zai faɗi, domin wanda aka harba ba ya zaɓen wuri. Abin da ke cetonsa ragowar soson shago ne, da yake yankawa ya ɗinke cikin wando wajen ƙugu da gwiwa. Ya kwanta a kwalta da rana tsaka. Ya kwanta cikin buhu a bayan mota. Ƙuda ya taɓa sauka a leɓensa ya yi yawo har ƙofar hanci, mai kyamara ya matso ya ɗauka, bayan an gama darakta ya yi ta yabon ƙudan.

Idon nan rabi a buɗe shi ya ba Sufeto abin da aka fi saninsa da shi. Ranar farko ya ga idon yana kallonsa, tsigar jikinsa ta tashi, sai ya durƙusa ya cire hula, ya shafa idon ya rufe, ya ce, "Wanda ya yi wannan ba zai kwana a gidansa ba." Ba a rubuta masa ba, daga bakinsa ta faɗo. Daga ranar ta zama dole duk mako, har mata a gida in an fasa musu kofi su ma abin da suke faɗa ke nan.

Ya mutu a attajiri, ya mutu a direba, ya mutu a dillalin filaye wanda kowa ya ce gara da aka yi. A sauya masa hula, a manna masa gemun auduga, a ɗora masa tabarau, ba wanda yake ruɗuwa. Da ya leƙo a akwatin sai 'yan kallo su ɗauka: "Shi ke nan, wannan ba zai kai talla ba." Kuma ba mutuwar kaɗai ya iya ba. Kafin a kashe shi akan ba shi magana biyu ko uku, da su yake sa mutum ya so shi ko ya tsane shi, yadda in ya faɗi za a ji faɗuwar a rai. Ya fito a mai gadin da bai ga komai ba, yana rantsuwa yana satar kallon takalmin maigidansa. Ya fito a mai shaidar zur, yana lasar leɓe kafin kowace amsa. Akwai makon da darakta ya yi wa gari wayo. Aka yi talla aka dawo, Mai Kushin yana nan daram, akawu mai ladabi, yana jawo wa Sufeto kujera. Mutane suka yi ta jiran a kashe shi suna tausayinsa. Ashe shi ya yi kisan. Da aka sa masa ankwa ya ɗago ya yi wani irin murmushi, wata tsohuwa a layinsu ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa.

A haka ya yi aure ya hayayyafa. Matarsa takan ce duk garin ita kaɗai ce ke kallon mutuwar mijinta sannan ta tashi ta zuba masa abinci. Yaya kam ba ta taɓa sabawa ba. Da an nuno shi sai ta shige ɗaki, ta ce a kira ta in an gama.

Da zamani ya juya, tashoshi suka yi yawa, wasan ya tsaya. Ba a yi masa sallama ba, ba a ce ya daina zuwa ba, kiran ne kawai ya ɗauke. Ya koma shagonsa gaba ɗaya: soso a jingine har rufi, bandir-bandir na yadi, keken ɗinki mai kukan tsufa, warin gam, da almakashi ɗaure da igiya a jikin tebur saboda mai walda in ya ara ba ya mayarwa. Da gudumar nan ya sa 'ya'yansa a makaranta, da ita ya aurar da su. In wani ya kawo kujera ya tsaya yana ƙare masa kallo, ya ce, "Baba, kamar na san ka," sai ya ce, "Kwantar da ni a ƙasa a ranka, za ka tuna." Bai taɓa zuwa ƙofar kowa neman a gode masa ba. Irin wannan mutumin ne aka binne da ransa.

Washegarin shirin, Mai Kushin ya sa riga, matarsa ta ɗauki jakarta, suka nufi gidan talabijin. Mai gadi sabo ne, bai san shi ba, sai da matar ta ɗaga murya aka bar su suka shiga. Aka kai su wajen furodusan shirin, wani matashi mai waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Da ya gane wanda ke tsaye a gabansa sai ya sauke duka biyun.

"Baba, wallahi ba da gangan ba ne. Mu ba mu san tsofaffin 'yan wasa ba, sai muka tara waɗanda suka rage muka tambaye su. Sufeto da bakinsa ya ce ka rasu. Ya ce da hannunsa ya rufe maka ido."

"Ya rufe kam," in ji Mai Kushin. "Duk mako."

Furodusa ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

"To yanzu da ka gan shi," in ji matar, "ga shi a gabanka yana numfashi, sai yaya?"

"Sai manaja ya dawo, Mama. Ni ba ni da ikon sa sanarwa."

"Kana da ikon kashe mutum, ba ka da ikon tashinsa?"

"Ya yi tafiya ne, sai ranar taro zai dawo."

A nan suka ji ashe da sauran aiki. Ranar Asabar za a yi babban taro a zauren gidan don karrama 'yan wasan Sufeto, kuma za a sake nuna hotunan mamatan a majigi a gaban jama'a.

"Sai ku cire nasa kafin Asabar ɗin," in ji ta.

"An riga an haɗa su da kiɗa, Mama. In aka zare hoto ɗaya, kiɗan zai fi hotunan tsawo."

"Kiɗa! Yayarsa tana gadon asibiti, kai kana ta kiɗa? Ka sa hotonka a gurbin mana, kiɗan ya daidaita!"

Furodusa ya sosa ƙeya, ya juya wajen mijin, ya ga kamar ya fi sauƙin sha'ani.

"Baba, alfarma ɗaya. Ranar Asabar ɗin ka yi haƙuri ka zauna a gida. Akwai manyan baƙi. In suka gan ka bayan an nuna hoton... ka gane ai. Bayan taro sai mu san yadda za mu gyara a hankali."

Mai Kushin ya dube shi. An sha ce masa ya mutu a gidan nan, bai taɓa yin musu ba. Amma waccan mutuwa ce da ake tashi a karkaɗe riga a koma shago. Wannan kuwa so ake ya kwanta ya yi shiru don kada wani ya ji kunya. Ya kama hannun jakar matarsa ya ja ta waje, tana tafe tana waiwaye tana ƙarasa wa furodusa abin da ya rage.

Ya shiga mota ya tafi duba Yaya. Ta shafa fuskarsa da hannun da ba allura, ta shafa kafaɗa, sannan ta kama kunnensa ta murɗe, da furfurarsa da komai.

"Ai na faɗa maka wasan nan ba alheri ba ne."

"Kin faɗa, Yaya."

"Sun ba ka haƙuri?"

"Sun ce in zauna a gida."

"Kai kuma ka ce to, ko? Tun kana ƙarami haka kake, a ce kwanta ka kwanta." Ta saki kunnen. "Ka je ka tsaya a gabansu su gan ka. In ba za ka je ba, kira min nas ta cire min allurar nan, ni in je."

Ana gobe taro matarsa ta kai masa abincin rana shago, ta tarar ya ture aikin mutane gefe. Wandonsa na fita ne a kan keke, ya juya cikinsa waje, yana ɗinka masa soso wajen ƙugu.

"Wannan fa?"

"Ƙashin tsoho ba ya son katako."

Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ɗauki almakashi ta yanko masa na gwiwa.

Ranar Asabar da la'asar zaure ya cika. Gaba manyan baƙi ne a kujeru masu laushi, waɗanda Mai Kushin ya duba sau ɗaya ya san ba za su shekara ba. Baya an bar wa jama'a, kuma jama'ar tsofaffin 'yan kallo ne, masu furfura, masu sanda, mata da jikokinsu. Nan suka saje su biyu. Aka kashe fitilu aka fara nuna guntayen tsohon wasa. Zaure ya rikice da murna. Kafin Sufeto ya buɗe baki a majigi mutane sun riga shi faɗin maganar. Kuma duk guntun da aka nuna, ga Mai Kushin a ƙasa.

Sannan aka hau da Sufeto kan dandamali. Ya tsufa ƙwarai, sanda a hannu, tabarau mai kauri, gashin bakin ya yi fari fat. Aka ba shi abin magana ya tuno abokan aiki. Ya yi maganar Saje, ya yi ta darakta, dukansu sun rasu. Ya zo kan Mai Kushin, muryarsa ta karye.

"Ranar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya," in ji shi. "Mu muka ɗauke shi a kafaɗa, ni da Saje. Jikinsa ya yi sanyi. Na rufe masa ido, na yi kuka. Ban taɓa ganin mutum mai haƙuri irinsa ba."

Mai Kushin ya gane ranar sarai. Makon da ya fito a direban babbar mota ne, ruwan kuwa tiyo ne, wani ma'aikaci ya hau rufin gareji yana fesa musu. Sanyin jikin gaskiya ne, don sai da ya yi mura. Kukan ma gaskiya ne. Tsoho ya haɗa wasa da rayuwa a kansa ya rasa wanne ne wanne, shi ke nan. Ba a ga laifinsa ba. Laifin na masu ƙafa da mota da waya biyu ne.

Mai gabatarwa ya ce kowa ya miƙe a yi shiru don tunawa da waɗanda suka rasu. Kiɗan nan ya tashi. Mai Kushin ya miƙe tare da kowa. Hoton darakta ya wuce, ya yi masa addu'a har cikin ransa. Na Saje ya wuce, ya share ido. Da nasa ya fito, sai ya fita daga layin kujeru ya kama hanyar tsakiya, yana tafe a natse, hasken majigi yana dukan furfurarsa. Matarsa tana biye, jaka a hammata.

Wata dattijuwa ce ta fara ganewa. Ta dubi majigi, ta dube shi, ta sake duban majigi.

"Jama'a, ga gawar nan tana tafiya!"

Wuri ya kaure. Wasu suka yi baya, wasu suka hau kujera don su gani. Furodusa ya taho da sauri zai tare shi, matar ta sha gabansa.

"Taɓa shi ka gani."

Bai taɓa ba. Aka kunna fitilu, kiɗa ya mutu a tsakiya. Mai Kushin ya hau dandamali ya tsaya gaban Sufeto ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe."

Sufeto ya matso da fuska yana gyara tabarau. "Wane ne?"

"Mai Kushin ne."

"Mai Kushin ya rasu, bawan Allah. Ƙaninsa ne kai? Kuna kama."

"Ruwan da kake faɗa tiyo ne, ranka ya daɗe. Daga rufin gareji."

Sufeto ya girgiza kai yana murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda baƙin ciki ya taɓa. Sai wani daga can baya ya ɗaga murya: "In shi ne, ya mutu mu gani!" Aka kwashe da dariya, wasu suka ɗauka, "Ya mutu mu gani! Ya mutu mu gani!"

Mai Kushin ya juyo ya fuskanci jama'a. Bai taɓa tsayawa gaban masu kallonsa ido da ido ba sai ranar.

"Wace iri kuke so? Ta bindiga ko ta guba?"

"Ta guba!"

Ya taka zuwa teburin manyan baƙi da ke gefen dandamali, ya ɗauki kofin ruwan da ke gaban manaja, ya ce, "A gafarce ni." Ya kurɓa. Ya ajiye kofin, ya juya kamar zai tafi, ya yi taku biyu ya tsaya. Hannunsa ya tafi maƙogwaro a hankali. Ya waiwayo ya dubi kofin, sannan ya ɗaga ido ya dubi manaja, kallon wanda ya gane wanda ya ci amanarsa. Manaja ya yi tsuru-tsuru ya janye hannunsa daga tebur. Gwiwar Mai Kushin ɗaya ta lanƙwashe, ɗayar ta bi, ya tafi ta gefe bai dubi ƙasa ba, katako ya amsa. Hula ta gangara. Ido rabi a buɗe.

Dariya ta ɗauke ɗif. Ƙirjin bai motsa ba. Aka jira, bai motsa ba. Furodusa ya fara cewa a nemo likita.

Sufeto ne ya saki sandarsa. Abin da kai ya manta, jiki bai manta ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya cire hula, ya miƙa hannu ya shafa idon ya rufe. Hannun ya tsaya a kan fuskar. Ya ɗago, muryarsa ta dawo irin ta da.

"Wanda ya yi wannan..."

Zaure gaba ɗaya ya ƙarasa masa: "Ba zai kwana a gidansa ba!"

Aka ɓarke da tafi. Mai Kushin bai tashi ba. Tafin ya yi ta raguwa har ya ƙare, yana nan yadda yake. Mutane suka fara kallon juna. Abin da ba su sani ba, a aikin nan gawa ba ta tashi don an tafa mata, ba ta tashi don Sufeto ya gama magana. Sai darakta ya ce "Kot!", wato a tsai da ɗauka. Darakta kuwa yana cikin hotunan da aka nuna ɗazu. Matarsa ce kaɗai a zauren ta san abin da yake jira. Ta gyara mayafi, ta cika ƙirji da iska.

"Kot!"

Ya buɗe ido. Ya tashi zaune, ya jawo hularsa ya karkaɗe a gwiwa. Duk shekarun wasan nan mutanen da ke zauren sun ga faɗuwarsa ba adadi, ba wanda ya taɓa ganin tashinsa, don kafin nan an yanke. Sai ranar.

"Sufeto, gwiwarka tana kan yatsuna. Har yau ba ka daina ba."

Sufeto ya rungume shi yana kuka yana dariya. "Kai ne! Wallahi kai ne, ɗan banza! Na binne ka a kaina!"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ka saba."

Ba a taɓa yin tafi irin na ranar ba a zauren nan. Tsofaffi suka ajiye sanduna suka tafa. Dattijuwar da ta fara gano shi ta kutsa har bakin dandamali tana cewa a bar ta ta taɓa shi. Su biyu suka ɗago juna, shi da Sufeto, ba a san wa ke riƙe da wa ba. Sai manaja ya karɓi abin magana, ya yi gyaran murya, ya ce wannan wani ɗan abin mamaki ne da gidan ya shirya wa baƙi.

"Ƙarya ne!" in ji matar, ba ta ko bukaci abin magana ba. "Cewa kuka yi ya zauna a gida!"

Aka yi wa manaja ihu har ya koma ya zauna.

Tun daga ranar shagon bai huta ba. Masu zuwa ɗaukar hoto da shi sun fi masu kawo kujera, masu kawo kujerar ma wasu lafiyarta ƙalau, dalilin zuwa suke nema. Mai walda ya naɗa kansa mai tsara layi. Sufeto yakan sa a kawo shi ya zauna a kan tarin soso, su yi ta musu a kan wane mako ne aka yi wane kisa. Yaya ta koma gida da ƙafarta, ta kuma ce ita har yanzu ba za ta kalla ba.

Amma gidan talabijin har yau bai ce komai ba. Da suka nuna taron sun nuna jawabin manaja na buɗe taro daga farko har ƙarshe, suka yanke duk abin da ya biyo bayan kiɗan. Wanda bai je zauren ba, a wajensa Mai Kushin yana nan a mace. Kuma ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Cikin hotunan nan akwai matar da ke fitowa a maƙwabciya, mai tsintar gawa ta kurma ihu. Wata ta rantse ta gan ta bara a layin karɓar magani. Ko ita ce ko ba ita ba ce, ba wanda ya sani, domin ba wanda ya je ya duba.

Saboda haka, manaja, kai ake jira. Ka zauna gaban kyamara ranar Lahadi da yamma, lokacin da mutane ke kallo, ka faɗa da bakinka cewa kun yi kuskure, Mai Kushin yana raye. Ka shiga motarka ka je ka durƙusa gaban Yayarsa ka ba ta haƙuri. Sannan ka tashi ma'aikatanka daga kan kujera, su bi sauran hotunan nan gida-gida, su ƙwanƙwasa ƙofa su tambayi iyali, kafin ku sake yi wa wani addu'a a gaban duniya.